Inda zare biyu ke tsayawa su gaisa

Mijina yakan ce a duk Malbaza babu gidan da ya kai namu yawan keken ɗinki, kuma babu gidan da ya kai shi yawan riguna masu ɓallallen maɓalli. Ban taɓa musa masa ba, don gaskiya ya faɗa. Keke goma sha biyu gare ni a ɗakin baya, dukansu irin na hannu, ƙanana, waɗanda mace ɗaya za ta ɗora a ka ta kama hanya. Ni kuwa ba tela ba ce, malamar lakwal ce, wato makarantar boko. Guda ɗaya nake nema tun farko, na kakata, sauran goma sha ɗayan a hanya suka manne mini. Don a gane yadda aka yi haka, sai mun koma Dogarawa, inda na tashi.

Kakata ta wajen uwa sunanta Tsahara. Gajeriya ce, mai saurin tafiya, mai saurin dariya, kuma ita ce mace ta farko a unguwarmu da ta mallaki keken ɗinki. Ba saya ta yi ba. Matar wani jandarma ce ta haihu nesa da danginta, Kaka ta tsaya mata har ta gama wanka, da aka canja wa mijin wurin aiki sai matar ta bar mata keken ta tafi. Baƙi ne, mai zanen furanni ruwan zinariya da hannu ya goge rabinsu. A wuyansa akwai hoton wani tsuntsu da ya dushe, ni ina cewa zabuwa ce, yayata Balki tana cewa ɗawisu ne, har muka girma ba mu daidaita ba. Mariƙin da ake kamawa a juya wili ya taɓa karyewa, kakanmu namiji ya sassaƙa masa wani da icen aduwa. A kusurwar katakon da yake zaune a kai kuma akwai tabon wuta. Wannan aikina ne: wata rana ina kwaikwayon tafiyar kura na shuri bakin murhu, garwashi ya yi tsalle.

Da rana Kaka takan naɗe keken a zane, ta ɗora bisa gammo, ta bi gidaje tana yi wa mata ɗinki. Namu ɗinkin, na 'yan gida, sai bayan magariba. Idan tuwo ya sauka, wutar murhu ba ta kai ga mutuwa ba, sai ta ja tabarma kusa da ita, ta kifa turmi ta aza fitilar ƙwai a kai, ta ajiye keken tsakanin ƙafafunta. Kafin ta gama shafa masa mai mun kewaye ta, ni da Balki da 'ya'yan maƙwabta. Idonta ya fara rauni a lokacin, don haka ni ke zura mata zare a allura, kuma wannan ya zama mabuɗin tatsuniyarta.

“Zare ya shiga?” in ji ta.

“Ya shiga, Kaka.”

“To ku riƙe bakinku, ni in saki nawa.”

Daga nan hannunta na dama yana juya wili, na hagu yana tura ƙyalle, bakinta yana tura labari. Muryar keken ba ta da ƙarfi, wani taf-taf-taf ne mai laushi, kuma tana bin labarin sau da ƙafa. Idan zomo yana gudu, keke yana gudu. Idan tsohuwar cikin labari tana hawan tudu, keke ma sai ya dinga nishi. Ana kiran lisha take datse zare da haƙori ta ce, “Na yanke,” kowa ya san gida ya yi.

Sauran yara sukan riƙe bakinsu kamar yadda aka ce. Ni ban taɓa iyawa ba. Ana cikin labari sai in ce, “Kaka, ita kurar tana da suna?” Ko in ce, “To wa ya ba jaririn nono da uwar ta tafi rafi?” Balki ta mintsine ni, innarmu ta leƙo daga ɗaki ta ce in bar tsohuwa ta yi aikinta. Kaka kuwa ba ta iya amsa tambaya da baki kaɗai ba. Sai ta saki mariƙi, ta juyo gaba ɗaya, ta yi mini bayani da hannu biyu, har da nuna tsawon wutsiyar kura. Ita ta laƙaba mini suna Rediyo.

“Rediyon Dogarawa,” takan ce, “wadda ba a sa mata batir, kuma ba a kashe ta.”

Ina da shekara bakwai ko takwas ta ɗinka mini wata riga mai ɗigon kore. Da na sa ta, sai na ji wani abu yana sosa mini haƙarƙari. Na juya rigar, na ga a bayan ɗinkin, nan da can, zare ya cure ya yi ɗan ƙulli kamar ƙwayar gero. Na duba rigar Balki, akwai. Na duba ɗankwalin innarmu, akwai. Da magariba na kai ƙara.

“Kaka, kekenki ya lalace. Shina yin ƙulli.”

Ta karɓi rigar, ta shafa ƙullin da babban yatsa, ta dube ni ta wutsiyar ido, ta yi dariya har fitila ta girgiza bisa turmi.

“Keke na lahiya lau. Wanga ba lalacewa ba ta, gaisuwa ta. Zura man zare in gaya maki.”

A daren nan ne ta ba mu tatsuniyar da ta fi zauna mini a zuciya. Kafin ta fara sai da ta zaro kwarkwaro, ɗan abin nan da ake naɗa zaren ƙasa a jikinsa, ta nuna mana cewa keke da zare biyu yake aiki, ɗaya a sama kowa yana ganinsa, ɗaya a ɓoye a ƙasa.

Ta ce a wani zamani ƙasa ta yage. Fari ya yi yawa har ta tsage tun daga gabas zuwa yamma, duk ruwan da aka yi sai ya zurare ta tsagar ya ɓace. Akwai wata masaƙiya mai 'ya'ya biyu mata, tagwaye. Ɗaya ba ta magana sai an tambaye ta, ɗaya kuwa ko a barci bakinta yana motsi. Masaƙiyar ta ba kowacce zare mai tsawo ta ce su je su ɗinke ƙasa. Amma aikin sai da mutum biyu: ɗaya ta shiga ƙarƙashi, ɗaya ta bi ta sama, kowane taki ta sama ta zura hannu, ta ƙasa ta kama, zarensu ya sarƙe, su ja, su ci gaba. Mai shirun ta ce ita za ta shiga ƙasa, don duhu ba ya damunta.

A nan na ce, “Kaka, mi take ci a can ƙasa?”

Ta saki mariƙi ta juyo. “Gujiya mana. Ina gujiya take zama?”

Suka kama aiki, taki bayan taki, ɗinki yana tafiya sumul. Amma ta sama ba ta ganin 'yar'uwarta, hannunta kaɗai take ji. Idan sun yi nisa sai zuciyarta ta kasa ɗauka, ta tsaya, ta durƙusa, ta sa baki a tsagar ƙasa.

Kaka takan sunkuyar da kai har kusa da allura idan ta zo nan, ta rage murya: “Sai tac ce, ‘Kina nan?’ Sai ta ƙasa tac ce, ‘Ina nan.’”

Duk inda suka tsaya haka, zarensu yakan cure ya yi ƙulli. Mutanen gari suka dinga mita. Suka ce mai surutun nan tana ɓata aiki, ga jinkiri, ga ɗinki duk ƙulle-ƙulle, da ma bebiya aka aika. Har aka gama. Da damina ta faɗi, ƙasa ta sha ruwa ta kumbura, ɗinkin ya ɗauki nauyi, zare ya tsinke a wani wuri ya fara warwarewa da gudu. Mutane suka ɗora hannu a ka. Yana zuwa ƙulli na farko ya tsaya cak. Ya tsinke a wani wurin, ya sake gudu, ya sake cin karo da ƙulli. Haka ƙasa ta tsira. Kuma a gindin kowane ƙulli ruwa ya taru ya zauna, nan mutane suka haƙa rijiya.

“Shi ya sa,” in ji Kaka, “rijiyoyin ƙasarmu ba jere suke ba. Wata kusa, wata nesa. Inda kewa ta kama yarinya, nan ruwa yake.”

Ta datse zare ta ce ta yanke. Ni kuwa na kwanta da abu ɗaya a kaina: keken kakata ba irin na kowa ba ne, a cikinsa tagwayen nan suke, shi ya sa yake ƙulli. Na daina ƙorafin susa. Har alfahari nake yi a lakwal, ina juya bakin rigata ina nuna wa 'yan ajinmu.

Da na ci jarrabawa aka tura ni kwaleji a Tahoua, na zauna gidan wata gwaggo. A shekarata ta biyu wani direba ɗan garinmu ya kawo mini saƙo daga Kaka: jakar littattafai ta shuɗin yadi, mai dogon maratayi. Abin da na fara yi shi ne juya ta. Na bi gindinta da gefunanta da yatsa, ɗinki sumul, babu ƙulli. Raina ya ɓaci. Na ce wato Kaka ta kai wa wani tela mai keken ƙafa ya ɗinka mini, ni da na fi kowa son aikin kekenta. Na yi niyyar in na je hutu in yi mata tsiya a kan haka. Ban samu yi ba. Ta rasu saura sati uku a ba mu hutu, kuma sai da na iso gida aka gaya mini. Wannan abu ya yi mini ciwo, har yau yana yi.

Keken kuwa, kawuna ya ba wani tela na wajen Bazaga, don a gidan babu mai ɗinki. Ko sunan mutumin bai riƙe ba. Na adana rigar mai ɗigon kore da jakar shuɗi a ƙasan akwati, rayuwa ta ci gaba: karatu, aiki, aure, 'ya'ya, zama a Malbaza inda mijina yake aiki a izin, wato masana'antar siminti.

Shekara shida ke nan, wata rana ina dawowa daga lakwal, wata babbar mota ta wuce ni cike da tsohon ƙarfe, irin wanda ake saye a kan sikeli a kai a narka. A can saman tulin, tsakanin wata ƙofa da gindin amalanke, na hango kan keken ɗinki, wilinsa yana kallon sama. Na tsaya a bakin hanya har motar ta ɓace. A ranar na gane cewa idan keken Kaka yana nan a duniya, layi yake bi zuwa ga wuta, kuma ba wanda zai fitar da shi daga layin sai ni.

Haka na faɗa hannun Malam Nomau, wani dattijo mai gyaran kekuna a kasuwar Konni. Rumfarsa ƙanƙanuwa ce, tana warin tsohon mai, kuma shi kansa bai fi keken hannu nauyi ba. Shi ya koya mini yadda ake gane su. Da farko a ɗaga, a ji nauyi: na baƙin ƙarfe daban, na farin ƙarfe mara nauyi daban, idan ana shakka a manna mayen ƙarfe a ga ko zai kama. Sannan a duba lambar da aka buga a gindinsa, don na gaske lambarsa a cikin ƙarfe take, ba a fenti ba. A buɗe ƙasa a ga ƙoshiya, gidan da kwarkwaro yake zama: tsofaffi sosai tasu doguwa ce kamar ɗan kifi, tana kai da kawowa, na baya-baya tasu zagayayya ce. Ya nuna mini sababbi da ake yi wa zanen zinariya don su yi kama da tsoho, ya ce in shinshina, sabon fenti ba ya iya ƙaryar wari. Mu nan ba ma kiran su da sunan da aka rubuta a jiki, da hoto muke kira: mai tauraro, mai zaki, mai tsuntsu. Na ce masa nawa mai tsuntsu ne. Ya ce masu tsuntsu sun fi tsuntsayen Konni yawa.

Na gaya masa batun mariƙin aduwa da tabon wuta. Ya ce rabin kekunan ƙasar nan mariƙinsu na ice ne, kuma duk wanda aka yi ɗinki da shi a bakin murhu yana da tabo. Gaskiyarsa, don sau biyu waɗannan alamu suna yaudarata, har na yi kuka a kan keken wata mata a Illela da bai taɓa ganin Dogarawa ba. Batun ƙulli kuwa ban gaya masa ba. Wannan sirrina ne, kuma ina jin kunyar in ce wa mai sana'a ina neman keke mai tagwaye a ciki.

Ga yadda nake gwaji. Kullum a jakata akwai farin ƙyalle da baƙin zare. Idan na sami keke, sai in zauna, in yi bisimilla, in rufe bakina ruf, in ɗinka kamu guda ba tsayawa, don kada in ba shi wani uzuri. Sannan in juya ƙyallen. Sumul. Kowane lokaci sumul. Sai in tashi zan tafi, sai in waiwaya in ga keken yana zaune shi kaɗai, in tuna da motar nan. Haka na ɗauko na farko, haka na ɗauko na goma sha ɗaya. Mijina ya ce ba laifi, gara kekuna da awaki, su ba sa cin dawa. Balki, wadda take aure a Konni, ita kuwa duk tsohuwar da ta ji tana da keke a ƙarƙashin gado takan aiko mini da kwatance.

Bara, wata Laraba, ina tsakiyar darasin lissafi wayata ta yi ƙara. Malam Nomau ne.

“Madam, in kina iya zakuwa, ki zaka yanzu. Akwai mai tsuntsu nan wurin masu tsohon ƙarhe. Daga Bazaga anka ɗauko shi. Mota tana lodi, bayan azahar za ta tashi.”

Na bar wa abokiyar aikina ajin, na biya gida na zaro rigar mai ɗigon kore na cusa a jaka, ban ma san dalili ba. Motar da na samu ta tsaya ɗaukar buhunan wake, ta tsaya sauke wata tsohuwa da kajinta, ni kuwa ina zaune a gaba ina taka totur ɗin da babu. Ana kiran azahar na isa.

Wurin fili ne a bayan gari, ƙarafa tuli-tuli. Malam Nomau ya riga ya sa mai wurin ya janye keken gefe, ya goge shi, ya ɗiga masa mai a duk gaɓoɓinsa. Ina hango shi na fara ƙirga alamu. Mariƙin ice, ya yi baƙi da santsin hannu. Tabon wuta a kusurwar hagu. Tsuntsun nan da ba zabuwa ba ba ɗawisu ba. Da na taɓa wili sai ya yi taf-taf-taf ɗinsa. Amma an taɓa cizona sau biyu. Na zauna bisa wata tsohuwar taya, na zura zare, na rufe baki, na ɗinka kamu guda. Na juya. Sumul. Na sake. Sumul.

“Ba shi na ba,” na ce, na fara naɗe ƙyalle.

Abin mamaki, wannan karon ban ji tausayin da nake ji ba. Haushi na ji, kamar keken ya sa kayan kakata don ya yi mini ba'a. Na ce wa mai wurin ya mayar da abinsa mota. Ya sunkuya ya ɗauka.

“Dakata tukuna,” in ji Malam Nomau. Ya juyo gare ni. “Ɗiyata, shekara biyar ina ganin kina juya ƙyalle kina ɓata rai. Ɗinki ya yi kyau, ke kina hushi. Mi kike nema a bayan ƙyallen ga?”

Kunya ta riga ta ƙare mini. Na zaro rigar na juya masa ita, na ce keken kakata ƙulli yake yi, ga shaida. Ya sa tabarau, ya bi ɗinkin da farce, a hankali, daga hammata har ƙasa. Na ga gemunsa yana rawa, yana danne dariya. Ya ce wa mai wurin ya aje keken, ya ce mini in sake zama in ɗinka. Na ce na yi sau biyu. Ya ce in yi na uku don girman furfurarsa.

Na fara. Ban kai rabi ba ya ce, “Wai ni kam, Madam, tsuntsun ga na jikin keke, ɗawisu na ko?”

Na saki mariƙi na juyo. Na ce ina ya taɓa ganin ɗawisu da gajeriyar wutsiya haka, ya dubi wuyan, ya dubi ɗigon da ke bayanta, wannan ko makaho ya shafa ya san zabuwa ce, Balki ce kawai ta ɗaure wa ƙarya gindi shekara arba'in. Ina yi ina nuna masa da hannu biyu. Ya bar ni na gama, har mai wurin ya fara dariya. Sannan ya ce in ƙarasa ɗinkin. Na ƙarasa. Ya karɓi ƙyallen da kansa, ya juya, ya miƙo mini.

A tsakiyar ɗinkin, daidai inda na tsaya, ga ɗan ƙulli kamar ƙwayar gero.

“Ba keke na ba, hannu na,” ya ce. “In kinka saki mariƙi allura tana tsakar hanya, wili shikan koma baya kaɗan, zaren sama ya saki, na ƙasa ya cure shi. Kowane keken hannu haka yake, har goma sha ɗayan da ke ɗakinki. Tela da ya san aiki ba ya sakin mariƙi haka nan, kuma mai ɗinkin ga ta san aiki, dubi yadda layinta ya miƙe. Sai dai in akwai abin da ya hi ɗinkin girma a wurinta.” Ya sake ɗaga rigar. “Wagga tsohuwa, an tsai da ita ya hi sau ashirin a riga guda. Wa ke tsai da ita?”

Ni ce mana, Rediyo. Na ɗauki keken na rungume, da mansa da ƙurarsa, a kan farar rigar aikina. Ai tun da na ji muryar keken na gane shi, taurin kai ne kawai. Motar ta tashi bayan azahar kamar yadda aka ce, ba da shi ba. Na naɗe shi a mayafina, na yi gammo, na ɗora a ka har tasha, mutane suna kallon malamar lakwal ta zama tela mai yawo.

Mijina da ya gan ni ya ce, “Na goma sha biyu?” Na ce na ƙarshe. Ya ce zai rubuta ranar a bango.

Na daɗe ina juya abin a raina tun daga ranar. Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar labarin keke ce. Ashe Kaka ta dubi 'yar jikarta da kowa yake cewa ta cika surutu, ta dubi ɓarnar da surutun yake yi wa ɗinkinta, maimakon ta ce ke ce, sai ta ƙirƙiro ƙasa ta yaga ta, ta haifi tagwaye, ta haƙa rijiyoyi, duk don kada in ji kunyar bakina. Kayan da take ɗinka wa matan gari da rana babu ƙulli a cikinsu, na tambayi innarmu ta tabbatar mini. Namu ne kaɗai, na bakin murhu. Yanzu a aji, idan wata 'yar Rediyo ta ɗaga hannu a tsakiyar darasi ta tambaye ni abin da bai shafi lissafi ba, nakan ajiye alli in juyo. Darasin yakan yi ɗan ƙulli, ba a mutu ba.

Saura jakar shuɗi. Kwana biyu ina kewaya akwatin kafin na buɗe. Yanzu na san ba wani tela aka kai wa ba. A keken nan ta ɗinka ta, da hannunta, a bakin murhu ɗaya, sai dai Rediyo tana Tahoua, Balki ta yi aure, babu mai tsayar da ita. Shekara talatin ina riƙe da ƙorafi a kan ɗinkin da ya yi sumul, alhali rashina ne ya sa ya yi sumul.

Na fito da ita tsakar gida da la'asar, inda haske yake. Na bi gindinta da yatsa, na bi gefe biyu, kamar yadda na yi a Tahoua. Sannan na juya maratayin, wanda ban taɓa juyawa ba, don a lokacin haushi bai bar ni na kai can ba. Dogon ɗinki ne, miƙaƙƙe, ya fi kamu biyu. Yatsana yana tafiya, yana tafiya, sai a tsakiya, wurin da yake zama a kafaɗa, ya ci karo da abu. Ƙulli ɗaya tak. Ita kaɗai, babu wanda ya kira ta, ta saki mariƙi ta tsaya.

Na ɗora babban yatsa a kansa na ce, “Ina nan, Kaka.”